Kafin ka miƙa wa 'yan jari-bola tsohon magagari

Ranar da zan dawo makaranta bayan hutun zangon farko, jakata ta fi kullum nauyi. Ban da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yajin da Inna ta ƙulla min, akwai wani ƙunshi a tsumma da Kawu ya miƙo min a bakin mota. Tsofaffin magagarai ne guda bakwai, duk sun yi tsatsa, wasu ko ƙota babu.

"Tunda yanzu kai ɗan birni ne, ka tambaya min ko akwai mai gyaran waɗannan a Zariya," in ji shi. "In babu, ka ba 'yan gwangwan, ka sayi sabulu da kuɗin."

Kawu ƙanen mahaifiyarmu ne, masassaƙi a ƙauyenmu da ke ƙasar Soba. Tun rasuwar mahaifinmu shi yake ɗauke da mu. Turmi da taɓarya da ƙota da kujerar tsugunno da allon da yake sassaƙawa su ne kuɗin rajistata a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello. Saboda haka da ya ce kayan aikinsa sun mutu, ban ɗauki maganar da wasa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan Yunin wannan shekara, duk wani kayan aiki da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Mai rahusan da ake samu a kasuwa kuwa, Kawu ya ce wani ko wata biyu ba ya yi yake zama sulɓi.

Mene ne magagari?

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin hotonsa a darasin fasaha na ƙaramar sakandare, muka haddace sunansa na Turanci don jarrabawa, muka wuce. A kasuwa za ka ji ana cewa fayil, wasu su ce zarto, dattawan maƙera kuma su ce magagari. Dogon ƙarfe ne mai ɗaruruwan ƙananan haƙora da ake goga wa ƙarfe ko itace don a rage shi, a daidaita shi, ko a fitar masa da kaifi.

Iri biyu ne manya. Na ƙarfe haƙoransa layi-layi ne a karkace, wani layi ɗaya, wani biyu da suka gitta juna. Shi ne a hannun mai walda da bakanike da mai yanka makulli, da kafinta idan zai wasa zartonsa. Na itace kuwa haƙoransa ɗai-ɗai suke a tsaitsaye kamar ƙaya, da fili a tsakaninsu don garin itace ya samu wurin fita. Shi ne na masassaƙa da masu gyaran takalmi. Kawu yana amfani da duka biyun: na ƙarfe don gyara bakin gatari da gizago, na itace don sulɓanta ƙota da gefen allo.

Ana ƙera magagari da ƙarfe mai sinadarin kabon kimanin kashi 1 cikin 100 ko ɗan sama da haka, sannan a ba shi ruwa ya yi tauri sosai. Dole ya fi abin da zai ci tauri. Wannan taurin shi ne amfaninsa, shi ne kuma matsalarsa: ba za ka ɗauko wani magagarin ka wasa shi ba, dutsen washi kuma ba zai shiga tsakanin waɗannan ƙananan haƙora ba. Shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka in ya dakushe, sai bola.

Kuskuren da ya bar tabo

Ɗakin kwanan ɗalibai ba wurin ajiye ƙarafa ba ne, don haka na kai ƙunshin gidan Gwaggo a Tudun Wada, inda ƙanena yake zaune. Yana aji ɗaya na babbar sakandare, da yamma kuma yana zuwa koyon walda. Na gaya masa saƙon Kawu, na koma makaranta.

Bayan kwana uku Gwaggo ta kira ni muna tsakiyar lacca. Ashe yaron ya ga wani bidiyo a wayar abokinsa, inda wani Bature ya tsoma tsohon magagari a asid ya fito da shi yana ci kamar sabo. Sai ya je ya samo ruwan tsohon batirin mota a gorar lemo, ya ɗauki magagari ɗaya ya shiga bayan ɗaki. Garin zubawa gorar ta suɓuce, ruwan ya zubo masa a bayan hannu da wando. Maƙwabta suka taru, wannan ya ce a shafa manja, wancan ya ce man goge baki. Allah ya taimaka wata ma'aikaciyar jinya da ke layin ta hana, ta sa aka cire masa wandon, aka yi ta kwarara masa ruwa, sannan aka kai shi asibiti. Hannun ya warke, amma tabon yana nan. Da a ido ne, da yanzu wani labarin ake yi.

Magagarin kuwa an manta da shi a cikin asid ɗin kwana biyu. Da aka ciro shi, haƙoran sun zagwanye, jikinsa duk ramuka. Saura shida.

Na ji haushin kaina, domin ni na kawo kayan na tafi ban yi wani bincike ba. Ranar Asabar na ɗauki ƙunshin na shiga lungunan Tudun Wada ina tambaya, har aka nuna min rumfar wani dattijon maƙeri.

Darasin bakin maƙera

Na same shi yana gyara bakin fartanya, jikansa yana masa zuga. Bayan mun gaisa na kwance tsumman.

"Baba, waɗannan suna gyaruwa kuwa?"

Bai amsa ba sai da ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya karkata shi ga hasken rana, ya shafa babban yatsansa a kai, sannan ya goga shi a jikin wata tsohuwar ƙusa. Ya kasa su kashi uku.

"Ɗana, ciwon magagari uku ne," in ji shi. "Akwai wanda ya toshe, akwai wanda ya dakushe, akwai wanda ya mutu. Ku yaran yanzu duk ɗaya kuke ganinsu."

Ga yadda ya nuna min ake bambancewa. Wanda ya toshe, haƙoransa lafiya lau suke, datti ne ya cike tsakaninsu: garin ɗanyen itace mai ƙaro, ko fenti, ko ɓarɓashin alminiyon, ko baƙin mai da ya haɗu da ƙura. Wanda ya dakushe, in ka karkata shi ga rana za ka ga kan haƙoran yana ƙyalli, domin bakin ya goge ya yi faɗi har yana mayar da haske. Haƙori mai kaifi ba ya ƙyalli. In ka goga shi a ƙusa kuma, zamewa yake yi maimakon ya kama. Wanda ya mutu shi ne mai karyayyun haƙora, ko wanda wani sashensa ya shafe gaba ɗaya, ko tsatsa ta yi masa rami.

A cikin shidan Kawu, biyu toshewa kawai suka yi, uku sun dakushe, ɗaya ya mutu.

Biyun farko a gabana ya gyara su. Ya jiƙa su da kananzir, ya ɗauko guntun bututun tagulla da ya buge bakinsa ya yi faɗi, ya riƙa tura shi yana bin layin haƙoran. Tagulla ta fi ƙarfen laushi, saboda haka haƙoran suka yi mata tsaga-tsaga daidai kansu, ita kuma ta riƙa tono dattin ba tare da ta ɓata kaifin ba. Na itacen kuma da burushin waya da tsinin ƙusa ya bi shi. Ko rabin awa ba a yi ba suka dawo suna ci. Kayan da Kawu ya ce a ba 'yan gwangwan ke nan.

Game da ukun da suka dakushe, ya ce maganar asid ba ƙarya ba ce, amma ba sai ruwan batir ba. Shi da ruwan lemon tsami yake jiƙa nasa, sai dai yana ɗaukar lokaci.

Abin da tsami yake yi wa ƙarfe

Na kai maganar wajen wani abokina da ke karanta kimiyyar sinadarai a Samaru, ya ce ai darasin aji ɗaya na babbar sakandare ne. Idan asid ya haɗu da ƙarfe, yana narkar da fatar ƙarfen a hankali, iskar haidirojin tana fita. Su ne ƙananan kumfan da ake gani suna tasowa. Haƙorin magagari kamar ɗan tudu ne mai gefe biyu. Asid yana cin gefen gaba da na baya a lokaci ɗaya, sai faɗin nan da ke kan haƙorin ya riƙa tsukewa har ya koma siriri. Ba ƙara wa haƙorin komai aka yi ba, rage shi aka yi ta yadda bakinsa zai sake fitowa. Shi ya sa dabarar take da iyaka: sau ɗaya, sau biyu, in an matsa sau uku, haƙorin ya gajarce ya ƙare. Shi ya sa kuma in an bar shi ya daɗe, sai asid ya cinye bakin da ya fitar.

Ruwan khal, wanda ake sayarwa a kanti da sunan binega, asid ɗin cikinsa kimanin kashi 5 cikin 100 ne, kuma mai sanyi ne, har a abinci ake sa shi. Ruwan batirin mota kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku nasa asid ne mai ƙarfin gaske, wanda ke cin fata da tufafi, yana kuma makantarwa. Na tsohon batir ya ma fi muni, domin akwai dalma a cikinsa. Duk wanda ya san labarin gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san ba abin zubarwa a tsakar gida ba ce, inda yara suke rarrafe, kaji suke kiwo.

Yadda muka gwada

Mun yi gwajin a tsakar gidan Gwaggo, a fili inda iska take kaɗawa, nesa da murhu, domin haidirojin tana kama wuta. Ƙanena yana gefe da bandejinsa yana kallo.

Da farko muka cire ƙota, muka wanke magagaran da garin sabulu da ruwan ɗumi da burushi har maiƙo ya fita. Wannan matakin shi ne rabin aikin, domin duk inda maiƙo ya rage tsamin ba zai taɓa wurin ba, sai cin ya zo a karkace.

Muka samo guntun bututun roba na masu aikin famfo, muka toshe ƙasansa, muka tsayar da shi, muka cika da ruwan khal. Tsayar da magagari ya fi kwantar da shi, don ruwan ya taɓa kowane gefe. Ba a amfani da kwanon ƙarfe, ba a kuma rufe bakin ruf, saboda iskar da ke fita.

Muka sa su da yamma. Da safe muka ciro, muka goge wani baƙi-baƙi da ya lulluɓe su, muka gwada a ƙusa, muka mayar. Da suka cika kwana ɗaya muka tsame su gaba ɗaya.

Daga nan sai kashe tsamin. A nan kanwar Gwaggo ta yi rana. Duk mai girki ta san kanwa tana kashe tsami, kuma abin da littafin kimiyya yake faɗi ke nan da nasa yaren. Muka jiƙa kanwa, muka tsoma su na 'yan mintuna, muka ɗauraye da ruwa mai kyau, muka shanya a rana muna gogewa da tsumma. Sai an yi sauri, domin ƙarfen da ya fito daga tsami tsirara yake, kafin ka juya ya fara ja da tsatsa. Da suka bushe muka shafa musu mai kaɗan.

Sakamakon, gaskiya, bai kai na bidiyo ba. Biyu na ƙarfen sun dawo suna kama ƙusa sosai, har kana jin ƙarar cin, amma ba su kai sabo ba. Na ukun, wanda na itace ne, ɗan sauyi kaɗan aka samu. Dalili kuwa haƙoransa manya ne, tsininsu ya riga ya goge da yawa, abin da tsami yake ci kuma ɗan mitsitsi ne.

Wanda ya mutu ma bai mutu ba

Da na koma wa Baba maƙeri da labari, na haɗa masa da matattun biyu: mai karyayyun haƙora da wanda ruwan batir ya cinye. Ya ce a ƙa'ida ana iya sabunta magagari ɗungurungum. A gasa shi ya yi ja, a binne shi a toka ya huce a hankali don ya yi laushi, a goge tsofaffin haƙora, a sara sababbi da kurfi ɗaya bayan ɗaya, a sake gasawa a ba shi ruwa. Abokina na Samaru ya ƙara min da cewa idan zafin ƙarfe ya kai kimanin digiri 770, mayen ƙarfe yana daina kama shi, kuma da wannan alamar maƙera a ƙasashe da dama suke gane lokacin ban ruwa ya kusa. Baba dai da ido yake ganewa. Amma ya ce aikin yini guda ne, ga kuɗin gawayin ƙirya, ba mai biyan ladansa a yau.

Abin da ya yi shi ne ya mayar da ɗaya kurfi, ɗayan kuma wuƙar sassaƙa. Ya ce tsohon magagari na cikin ƙarafan da maƙeri yake nema ido rufe, domin yana riƙe kaifi. Da can har ƙyastu ake yi da shi. Wanda ya sayar da shi a kan sikelin 'yan jari-bola, farashin ruɓaɓɓen kwano aka biya shi.

Sana'a mai dogon tarihi

Aikin ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. A shekarun 1970 masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono ragowar wuraren narka tama a yammacin Samaru, waɗanda suka haura shekara 1,000.

A Turai ma da hannu aka daɗe ana sara haƙoran magagari. Birnin Sheffield na Ingila ya yi suna a kan haka. Masu saran suna ɗora ƙarfen a kan faifan dalma don kada haƙoran gefen da aka gama su lalace, kuma da yawansu gubar dalma ta nakasa su. Leonardo da Vinci na Italiya ya zana injin saran magagari fiye da shekara 500 da suka wuce, amma sai a ƙarni na 19 injuna suka karɓe aikin. Kamfanin Nicholson, wanda har yau ake ganin sunansa a jikin magagarai, an kafa shi a Amurka a 1864. A 1870 wani Ba'amurke, Benjamin Tilghman, ya yi rajistar dabarar fesa yashi da ƙarfi a jikin abu, daga baya aka yi amfani da ita a Sheffield wajen fitar da kaifin magagarai. A Faransa kuwa har yanzu akwai masana'antu irin su Auriou da suke sara haƙoran magagarin itace ɗaya bayan ɗaya da hannu, kuma nasu ya fi na inji tsada nesa ba kusa ba. Aikin da Baba ya ce ba mai biyan ladansa a Tudun Wada, a can shi ne na masu kuɗi.

Rigakafi ya fi magani

Baba ya ce yawancin magagarai ba aiki ne yake kashe su ba, riƙon banza ne. Ga abin da na rubuto daga bakinsa:

Magagari a turawa yake ci. In za ka dawo da hannu, sassauta.

Kada a zuba su wuri ɗaya suna gugar juna. A naɗe kowanne a tsumma ko a rataye.

A goga masa alli kafin aiki, musamman a kan alminiyon ko tagulla, don kada ya toshe.

Kada a sa sabo a kan ƙarfen da aka ba ruwa, ko ɓawon walda, ko tsatsa mai kauri. Wannan aikin tsoho ne.

Kada a yi aiki da shi ba ƙota, wutsiyarsa tana huda tafin hannu. Kada a bankare abu da shi ko a mai da shi guduma, domin karyewa yake yi, ba ya lanƙwasa.

In za a ci itace da wanda aka shafa wa mai, a goge man tukuna don kada ya ɓata aikin.

Ni kuma na ƙara nawa: kada ɗalibi ya taɓa ruwan batir. In tsautsayi ya sa asid ya zubo wa wani, a cire tufafin da ya jiƙe, a kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 20, a tafi asibiti. Ba manja, ba man goge baki, ba ƙwai, ba kanwa. Kanwar ta ƙarfe ce, ba ta fata ba.

Ko akwai abin yi a nan?

A jami'a ana mana darasin dogaro da kai, muna rubuta tsarin kasuwancin da ke buƙatar miliyoyin da ba mu da su. Daga ƙofar Kongo zuwa kasuwar Tudun Wada, ka ƙetare Kubanni ka shiga Sabon Gari, ƙirga rumfunan walda da na kafintoci da garejin da za ka wuce. Da wuya ka rasa dakusassun magagarai a ƙasan akwatin kowannensu. Jarin wannan aiki bai wuce kwalbar khal da kanwa da burushi da guntun bututu ba. Ba zai sa kowa ya yi arziki ba, amma zai iya sayen littafi ko ya biya kuɗin mota. Sharaɗin kawai shi ne gaskiya: ka gaya wa mai kaya wanne zai gyaru, wanne ba zai gyaru ba, kuma kada ka ce masa zai koma sabo. Ƙanena ya riga ya fara da na shagon da yake koyon aiki, da izinin maigidansa, kuma da khal.

Da aka yi hutun tsakiyar zango na mayar wa Kawu kayansa. Ya ɗauki ɗaya daga cikin na ƙarfen ya goga a bakin gizagonsa, ya tsaya, ya sake gogawa. Ya juya wuƙar da Baba ya ƙera, ya fere gefen wata ƙota da ita.

"Nawa ka kashe?"

Na gaya masa kuɗin khal da ladan maƙeri. Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙunshin. Wannan karon na maƙwabcinsa ne, shi ma masassaƙi, kuma ya ce zai biya.